Burodin Inna Bai Tashi Ba a Nan

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki cikin rahama da yalwar makwanci.

Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu ke nan rabona da gida, ina ƙasar waje. Wata bakwai na ƙarshe babu ke a duniya. Na san abin da malamai suka faɗa, addu'a ce ke isa wurinki, ba takarda ba, kuma ina yi. Amma akwai maganar da ban san yadda zan sa ta cikin addu'a ba, shi ya sa na zauna zan rubuta ta a shafin nan. Wanda ya biyo ya karanta, ya karanta.

Maganar burodinki ce.

Ummi, takwararki, za ta yi sauka. Yarinyar da na bari tana rarrafe a tsakar gidanmu na Tudun Wada, ita ce ta kai ƙarshen Alƙur'ani. Kin san yadda muke da ita. Idan uwarta Rabi ta miƙa mata waya, gaisuwar malamin makaranta take yi min: ina wuni Baba, lafiya lau, an gode, sai ta mayar da wayar. Ba ta taɓa roƙona takalmi ba, ba ta taɓa cewa in aiko mata da komai ba. Ban ga laifinta ba. Murya ce kawai ta sani, da hoton wani mutum cikin rigar sanyi.

Sati bakwai da suka wuce, bayan ta gama gaisuwar, sai ba ta mayar da wayar ba. Na ji numfashinta. Can ta ce, “Baba, kai ne ɗan Inna. Ka iya burodinta mai zabibi? Shi nake so a raba ranar walimata.”

Na ce mata na iya.

Inna, ƙarya na yi. Ke kin fi kowa sanin ƙarya na yi. Amma abu na farko ke nan da yarinyar nan ta nema a wurina tun da ta iya magana, bakina ya kasa cewa a'a. Na ce ta ba ni lokaci in gwada a nan, in rubuto wa uwarta yadda ake yi.

Masu karatu za su ce ai sai a tambayi na gida. Wa za a tambaya? Ni kaɗai Allah ya bar miki. Rabi shekara goma sha uku tana gidanki, amma lokacin da kike kwaɓi tana makarantar da take koyarwa a Tudun Jukun, sai bayan la'asar take dawowa ta tarar da ƙamshi. Ranakun da take gida kuma kunya ke hana ta tsayawa a kanki, kada a ce matar ɗa ta sa wa sana'ar surukarta ido. Ke ma ba ki taɓa kiranta ba. Kowa na jin nauyin kowa, har aka ɗauke ki.

Maman Ngozi kuwa, wadda ta koya miki, ta koma garinsu da daɗewa, tun da mijinta ya rufe shagon kayan babur. Babu mai lambarta. Ina tuna yadda take leƙowa ta katanga lokacin bikinsu na Ista da faranti a hannu, ƙananan burodi masu zaƙi, kowanne da alamar gicciye a kai. Da kika koya, sai kika bar gicciyen, kika riƙa danna rabin dabino a tsakiya da babban yatsa. Ta gani ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Maman Nasiru, kin musuluntar min da burodi!” Kika ce, “To ai ban hana shi gaishe ki ba.” Ita ce kaɗai a unguwar ke kiran sunana a gabanki gatsau, ke kuwa sai ki kawar da kai. Ɗan fari ne ni, ba ki taɓa faɗin sunana ba. “Kai wannan” ne sunana a bakinki, har ranar da na ɗauki jaka.

Don haka ni ne na rage. Ni da na fi kowa ganin yadda kike yi, kuma ban taɓa sa hannu ba.

Kin tuna shekaru biyun nan da na gama karatu na zauna a gida da takarda a jaka? Kullum ina kan tabarma a bakin ɗakina, ke kina gindin bango da kwanon kwaɓi. Abokaina a majalisa suna kirana ɗan mai burodi, ina yin dariya tare da su, in dawo gida ina jin haushinki, kamar ke kika hana ni aiki. Wata rana hannuwanki duka biyu na cikin fulawa kika ce, “Kai wannan, zo ka ɗaga min murfin nan.” Na yi kamar ban ji ba, na ƙara dulmuya cikin tsohuwar jarida. Kika goge hannu a zani kika ɗaga abinki. Da yamma na tarar da guda biyu a rufe da faranti a bakin ƙofata, kamar kullum. Kuma na ci.

Abin da ya cece ni shi ne surutunki. Ke ba kya aiki shiru, da kwaɓin kike hira. Ban san kunnena na ɗauka ba sai da na zauna da biro a nan, maganganun suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya da muryarki.

“Fulawa gwangwani huɗu, a shafe bakin, ba a yi masa tozo.”

“Madara da ɗumi, irin wanda za a iya ba jinjiri.”

“Zabibi a jiƙa shi tukuna, in ba haka ba ruwan kwaɓin zai shanye, ɓarawo ne.”

Ƙwai biyu. Sukari rabin gwangwani. Yis cokali ɗaya, bota cokali uku, gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka. A murza har ya daina kama hannu. Sannan wadda kika fi maimaitawa, wadda duk matar da ta shigo sayen burodi ta zo da wuri sai ta ji ta: “Bayan azahar ake kwaɓawa. La'asar na yi ya tashi. Kafin magariba ki dawo.”

Na rubuta su duka. Na ƙi duba na waya, ko da yake cike take da masu koyar da burodi. Ba burodin kowa da kowa Ummi ta tambaya ba, naki ta tambaya. Na ce abin da kika faɗa shi zan bi, ba ƙari ba ragi.

Laraba ce ranar hutuna. Larabar farko na yi sallar azahar, na wanke hannu, na kwaɓa a robar da nake jiƙa shinkafa. Na rufe da tawul na ajiye a kan tebur. Wayata ta kira la'asar, na buɗe. Yana nan yadda na bar shi, a kwance, da sanyi kamar hannun mara lafiya. Na ce wataƙila a wuta zai tashi. Na mulmula goma sha biyu, na danna dabino, na sa a obin, murhun gashi na lantarki. Abin da ya fito, Inna, da an jefi akuya da shi sai ta yi ɗingishi.

Laraba ta biyu na canza yis. Ta uku na canza fulawa. Ta huɗu na murza har kafaɗata ta riƙe, washegari na kasa ɗaga hannu sosai a wurin aiki. Duk ɗaya. Duk lokacin da Rabi ta kira, Ummi na gefe, ina jin tana cewa a tambaye ni. In ce ana nan ana yi.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa miki ba kina da rai. Aikin da na ce miki na asibiti ne, ba asibiti ba ne sosai. Gidan tsofaffi ne. Ina yi wa iyayen wasu wanka, in canza musu shimfiɗa, in ba su abinci a baki. Ba na raina aikin, halal ne, kuma da shi aka yi rufin ɗakinki. Mutanen ma ba su cuce ni ba. Akwai tsofaffin da ke riƙe hannuna suna sa min albarka da harshensu. Amma ranar da Rabi ta kira ta ce kin cika, cokali ne a hannuna, ina lallashin uwar wani ta ƙara loma ɗaya. Kafin in tashi aiki an kai ki. Ko da ba a kai ki ba, ba zan iya zuwa ba. Takarduna na neman izinin zama suna inda suke tun shekarun baya, a hannun mutanen da ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. In na fita, ƙofa ta rufe, abincin gidanmu ya tsaya. Kin sani, ke ce ma kike cewa, “Zauna abinka, muna nan.” To ga shi ina zaune. Ku ne ba ku nan.

A wannan hali nake tsaye a kan robar kwaɓi ranar Laraba ta huɗu, kuma a nan na yi miki laifin da nake so ki yafe. Na zarge ki. Na ce a raina akwai abin da kika ɓoye, kin riƙe sirrin sana'arki kin tafi da shi, ba ki ba Rabi ba, ba ki ba kowa ba. Har na faɗa a fili, ni kaɗai a kicin, na ce tsofaffin nan da rowar ilimi. Ni da kika kira in ɗaga murfi na ƙi.

Laraba ta biyar na kwaɓa bayan azahar kamar kullum. Ban gama wanke hannu ba aka kira ni daga wurin aiki, wani bai zo ba, in zo in riƙe masa. Na tura robar gefe don in sami wurin ɗaura takalmi, ashe jikin bututun ɗumama ɗaki na tura ta. Na fita na manta da ita. Sai washegari da hantsi na dawo.

Tawul ɗin ya yi tozo. Kwaɓin ya cika robar ya zubo ta gefe har ƙasa, zabibi sun fito masa kamar idanu. Ya yi tsami, ba zai gasu ba. Amma ya tashi.

Na zauna a kujera da rigar aikina na daɗe ina kallonsa. Sannan na ɗauko waya na duba lokutan salla na garin nan, abin da kullum nake dubawa ban taɓa lura ba. A wannan watan na sanyi, tsakanin azahar da la'asar a nan bai kai awa biyu ba. Rana ba ta hawa sama, ta gefe take ratsawa ta wuce kamar mai jin kunya. Kicin ɗin kuwa, in ka ajiye bota a tebur ba ta narkewa.

Sai na ga gindin bangon nan namu. Ba a kan tebur kike ajiye kwaɓi ba. Kwanon silba kike rufewa da tsohon zaninki, ki ɗora a kan buhun gawayi a jikin bangon da rana ke duka tun safe, bangon da ba a iya jingina da shi da rana tsaka. Daga nan sai Malam ya kira la'asar a masallacin bakin layi. Ba ki ɓoye komai ba. Kin faɗi gaskiya, gaskiyar Tudun Wada. Ba ki taɓa kwana a wani gari ba in ba Dutsen Abba wurin 'yan'uwanki ba, ina za ki san akwai ƙasar da la'asar ke riga kwaɓi? Ni ne na ɗauko maganarki na kawo ta inda babu bangon, babu ranar. Sati huɗu ina bin umarninki daidai, kuma daidai ɗin ne ke ɓata min.

Ki yafe min, Inna.

Laraba ta shida na ajiye shi jikin bututun da gangan, na bar agogo na koma kallon tawul. Sai da magariba ta wuce ya ninka. A nan magariba da ƙarfe huɗu take, yara ba su ma gama dawowa daga makaranta ba. Na gasa. Suka fito da taushi, suka yi ja, dabinon ya zauna a tsakiya. Na gutsura na sa a baki. Burodi ne mai kyau, ba zan rage masa ba. Amma ba naki ba ne. Naki tun daga bakin zaure ƙamshinsa yake tarar mutum. Wannan sai ka kai hanci kusa, kuma abin da za ka ji fulawa ce da sukari.

Na gaji. Na kira Rabi na ce ta ba ni Ummi. Na ce mata, Ummi, abin da na faɗa miki ba gaskiya ba ne, ban iya burodin Inna ba, ban taɓa yi ba sai yanzu. Na gwada sau shida, na kusa, amma akwai abin da ya ɓace min, ban san ko mene ne ba.

Ba ta bi ta kan ƙaryar ba. Ta ce, “Ka sa ɓawon lemo?”

Na ce wane ɓawon lemo? Wanda ake shanyawa a kan rufin kicin? Ba na sauro ba ne?

Inna, yarinyar nan ta yi dariya. Shekara goma sha biyu, ban taɓa jin dariyarta a kunnena ba sai ta bayan fage, in tana wasa uwarta na magana da ni. Wannan tawa ce, ni aka yi wa. Ta ce, “Baba! Na sauro daban, yana cikin kwando. Na burodi Inna na kankare farin da ke cikinsa ta shanya. Ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya ni nake daka mata a ƙaramin turmi. Cokali ɗaya take sawa.” Sai ta rage murya ta ce, “Awon sauran ne ban sani ba. Ba ta bari in taɓa gwangwanin.”

Shekara biyu ina kallon ɓawon lemon nan a kan kwano. Na sha ganin kina jefa shi a garwashi da yamma don korar sauro, sai na ɗauka aikinsa ke nan. Shi kaɗai ne ba ki taɓa ambata ba, domin ba aunawa kike da baki ba, hannu kawai kike kaiwa.

Na sayi lemo. Na kankare, na shanya a kan bututun kwana shida, na niƙe da bayan cokali. Yau Laraba ta bakwai. Na gasa, na kira su da hoto, na juya waya na nuna wa Ummi. Ta matso da fuskarta har goshinta ya cika gilashin. Ta ce kamanninsu ɗaya, sai dai naki ya fi duhu a ƙasa, saboda yashin tukunyar da kike gashi a ciki. Sannan ta ce, “Ƙamshin fa, Baba? Shi ne?”

Na tsaya da burodin a hannu. Akwai ƙamshi, ya cika kicin ɗin. Amma ko shi ne, ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya hancina na shaƙar sabulun gidan tsofaffi. Na rufe ido na nemi zauren gidanmu, abin da na samu bai isa in rantse a kai ba. Na ce mata ban tabbata ba. Ta ce, “Ni ma ba na ji ta waya.”

To kin ji inda muke. Wadda ta san ƙamshin tana can, burodin yana nan. Ba zan iya aika mata ba, kafin ya isa ya zama dutse irin na Larabar farko. Ita ba za ta iya zuwa ba, ni ba zan iya tafiya ba.

Na tura wa Rabi awon duka. Ta ce gwangwaninki yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, tukunyar ƙarfen ma tana nan, har yashin yana ciki, ba wanda ya iya zubarwa. Ban sani ba ko gwangwanin da na auna da shi a nan girmansu ɗaya da naki. In ba ɗaya ba ne, yis ɗin da ƙwan da na rubuta ba za su zauna daidai ba, kuma laifin nawa ne. Jibi Juma'a za ta gwada, in maza sun dawo masallaci. Na ce mata ta manta da duk abin da na faɗa game da bututu da jira. Ta rufe da zani ta ɗora a jikin bangon, la'asar na yi ta buɗe. A can maganarki tana aiki. Ummi ce za ta ɗanɗana ta yanke hukunci. Saura kwana goma walima. Za a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan da kika share shekara arba'in, ni kuma ranar ina aikin safe.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya sanyaya makwancinki, ya haskaka shi, ya yafe miki kurakuranki, ya saka miki da alheri a kan kowane guda biyu da kika rufe min da faranti ban ce na gode ba. Allah ya sa ladar karatun takwararki ta riske ki. Allah ya sa burodin Juma'a ya tashi. Ni kuma Allah ya nuna min ƙofar gidan nan da idona kafin yarinyar ta manta dariyar da ta yi min. Amin.

Ga lissafin yau. Goma sha biyu na gasa. Biyar na baya sun ƙone, obin ɗin ya fi zafi ta can. Uku ba su nuna a ciki ba. Huɗu ne suka tsira. Na ci ɗaya a tsaye. Ɗaya zan kai wurin aiki gobe. Biyu na rufe da faranti na ajiye a kan tebur, ban san wa na ajiye wa ba.

Ni ne ɗanki,
Kai wannan.